Cinikin Biri a Sama: Jan Kunne ga Matasa Masu Sana'ar Hannu

Jawabin da anka gabatar a zaman yamma na taron tunawa da kafa ƙungiyarmu, a Ɗan Issa



Malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, baƙinmu da sunka taso daga Madarunfa da Maraɗi da Jibiya, da ku ƴan'uwana matasa, barkanmu da ganin wagga rana. Kwamitin shirya taro ya ɗora mini in yi magana a kan sana'a da waya. Na zaɓi yanki guda daga ciki, wanda nake ganin shina cin jarin mutane a ɓoye: mai saye na ƙarya, wanda ke aiko saƙo daga nesa shina yabon aikinka, alhali aljihunka yake hari. Kai da ke zaune nan, da kai da za ka karanta wanga jawabi daga baya cikin ɗan littafin taro, da kai nake, musamman in baduku ne kai, ko majemi, ko mai ɗinkin hula, ko maƙerin farfaru. Ke ma ƴar'uwa mai saƙar tabarma da faifai, mai haɗa turaren wuta da humra, maganar ta shafe ki.

Abin da ke hannunmu

Mu fara da sanin darajar abin da muke saidawa, don wanda bai san darajar kayansa ba shi ne yabo kaɗan ke ruɗawa. Jar akuyar Maraɗi, wadda a Najeriya ake kira jar akuyar Sakkwato, fatarta tana cikin fatun da duniya ta sani. Tun zamanin ayari ake jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, a ɗora wa raƙuma su ƙetare Sahara. Da yake ta hannun ƴan kasuwar Maroko take isa Turai, sai Turawa sunka laƙaba mata sunan fatar Maroko, alhali aikin majeman ƙasar Hausa ne. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa Tasawa da Katsina ya shiga Kano a 1851, kuma cikin abubuwan da ya rubuta har da takalman Kano da ake kaiwa ƙasashe masu nisa. Ke nan neman kayanmu daga waje ba yau ya fara ba. Yau ma ana kai su Wadata a Yamai, ana baje su a SAFEM, ana kai su SIAO a Wagadugu, wanda anka fara tun 1988.

To amma ku lura da yadda kakanninmu ke ciniki da baƙo. Falke in ya iso gari, gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya san shi, ya san mai kaya. Dillali shina tsakani, a gabansa ake sallamawa, shi ke cin la'ada, shi kuma ake kamawa in magana ta tashi. Alhazan Maraɗi da sunka yi suna wajen fatauci tsakanin Nijar da Najeriya, da wannan amanar sunka gina dukiyarsu: kowane ciniki akwai wanda zai tsaya ya ce na san wane.

Waya ta zo ta kawar da wannan mutum na tsakiya. Alheri ne ta wani gefe, don yanzu yaro shina zaune a rumfarsa nan Ɗan Issa, ya ɗauki hoton jaka ya sa a Facebook ko WhatsApp ko TikTok, mutumin Abuja ko Kwatano ya gani ya saya, ba la'adar kowa. A lokacin da anka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kun ga yadda ciniki ya tsaya a bakin hanyar nan tamu, kun ga yadda da yawa sunka koma neman kasuwa ta waya. Sai dai ƙofar da mai saye ke shigowa, ta nan ɗan damfara ke shigowa, kuma babu fatoma a bakinta.

Yadda saƙon ke zuwa

Akwai wani saƙo da masu zane da masu sassaƙa da masu ginin tukwane a Amurka da Turai sunka daɗe suna samu ta imel, har sun hardace shi. Yanzu ya iso gare mu, da Faransanci ko Ingilishi, wani lokaci ma da Hausar da na'ura ta fassara. Ga yadda yake tafiya.

Wani zai rubuto ya ce ya ga aikinka a intanet, ya burge shi ƙwarai. Sau da yawa zai ce matarsa ce ta gani, shina son ya yi mata kyautar ba-zata don cikar shekarun aurensu. Ku duba da kyau, ba zai ambaci wane aiki ba. Ba zai ce jakar nan ja mai igiya biyu ba, sai dai ya ce kyakkyawan aikinka. Dalili? Saƙon guda ne ya tura wa mutum ɗari biyar, da mai zanen Faransa da badukun Maraɗi, don haka dole ya dace da kowa.

Kana faɗin kuɗɗi, sai ya amince nan take. To ni dai ina tambaya, a wace kasuwa kunka taɓa ganin mai saye bai yi tayi ba? Ko Bature ɗan yawon buɗe ido shina cewa a rage mishi. Wanda ba ya neman ragi, galibi ba shi da niyyar biya.

Daga nan sai uzuri ya biyo baya. Shina aiki a jirgin ruwa, ko shina kwance asibiti, ko shina tsakiyar ƙaura zuwa wata ƙasa, saboda haka ba zai iya magana da murya ba, ba zai iya kiran bidiyo ba. Amma kada ka damu, in ji shi, shina da wakilinsa mai jigilar kaya wanda zai zo ya ɗauka. Wanga wakili shi ne tarkon. Riƙe shi a ranka.

Sai maganar biya. Zai ce ya aiko takardar cek, wadda mu nan muke ce wa shek, ko ya ce ya turo kuɗɗi ta banki. In abin ya iso, sai ka tarar ya fi kuɗɗin kaya nesa. Nan da nan zai rubuto da ban haƙuri: sakatarensa ne ya yi kuskure, ko kuma ya haɗa da kuɗɗin mai jigila. Don Allah ka cire naka, ka tura wa wakilin sauran yau-yau, don jirgi zai tashi gobe.

Mu yi lissafi tare

Mu ɗauka, a misali, ka yi jaka goma, kowace sefa 15,000. Kuɗɗinka 150,000 ke nan. Mutumin ya aiko shek na yuro 900. Kun san canjin yuro da sefa a tsaye yake, yuro guda sefa 655.957, don haka yuro 900 ya kama wajen sefa 590,000. Ya ce ka riƙe 150,000 naka, ka ƙara 40,000 tukuicin wahala, ka tura wa mai jigila 400,000.

Kai a ranka kana ganin ba ka da hasara, tunda kuɗɗinsa ne kake mayar mishi. Ga inda gizo ke saƙar. Shek na wata ƙasa ba ya tabbata rana guda. Sai bankin nan ya aika wa bankin can, can su bincika, kuma wannan na iya ɗaukar makonni. A wasu ƙasashe banki kan nuna kuɗɗin cikin asusu tun kafin binciken ya ƙare, mutum ya ɗauka magana ta zauna. Ranar da amsa ta dawo cewa takardar jabu ce, banki zai janye kuɗɗinsa gaba ɗaya. Amma 400,000 da ka tura, kuɗɗi ne na gaske, daga jarinka ko daga bashin da ka ci wurin ɗan'uwa, kuma an karɓe su tun cikin awa guda. Mai jigilar da mai sayen mutum guda ne, ko abokan cin mushe. In ka riga ka aika jakunkunan, su ma sun bi ruwa. Hasararka ta zama 550,000, a cinikin da ka shiga don neman 150,000.

Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta bayyana cewa a 2019 kaɗai mutane sun kai mata ƙarar hasarar sama da dala miliyan 28 ta hanyar shek na jabu. Dalar Amurka fa nake nufi, kada wani ya lissafa da dalarmu ta nan.

Irin wanda ya fi yawa a wajenmu

Wani zai ce, ai ni ba ni da asusun banki, shek bai shafe ni ba. Gaskiya ne. Amma ɗan damfara shina ɗinka rigar daidai wuyan mai sawa. Ga waɗanda sunka fi kusa da mu.

Na farko, saƙon shigar kuɗɗi na ƙarya, wanda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira alat na bogi. Mu mutanen bakin iyaka muna karɓar sefa, muna karɓar naira. Ana turo mana ta Nita, da Amana, da Al Izza, da Airtel Money, da Moov Money, wasunmu kuma suna da OPay ko Moniepoint. Ɗan damfara ya san yadda saƙon kowane kamfani yake, sai ya rubuta irinsa ya turo maka daga wata lamba, ko ya gyara hoton resi ya aiko ta WhatsApp. Kai kuwa ka ga suna, ka ga adadi, ka ɗora kaya a mota. Kamfanin bai san zancen ba, sunansa kawai anka ara. Wani lokaci kuma sai ya kira shina marairaicewa, wai ya turo fiye da kima bisa kuskure, ka taimaka ka maido mishi. Hoton resi ba kuɗɗi ba ne, kamar yadda hoton tuwo ba ya maganin yunwa.

Na biyu, kuɗɗin share hanya. Za a ce maka wani babban kanti a Faransa ko Dubai shina son takalmi ƙafa 500, amma sai ka yi rajista, ko ka biya kuɗɗin takardar duwan, ko na inshora, ta hannun wani lauyansu. Ka biya na farko, sai na biyu ya ɓullo, sai na uku. Kowane biya shina sa ka ji ba za ka iya ja da baya ba, tunda ka riga ka zuba da yawa. Haka ake yi da gayyatar baje koli ta ƙarya: an zaɓe ka zuwa Turai, turo kuɗɗin rumfa da na biza. Baje kolin gaske shina da ofis da hukuma, kuma ana iya tambaya a ofishin kula da sana'o'in hannu na jiha ko wurin shugabannin masu sana'a a Maraɗi kafin a fitar da ko dala.

Na uku, satar WhatsApp. Mai sayen zai ce ya turo maka wata lamba mai alƙaluma 6 don tabbatar da odar, ka karanto mishi. Wagga lamba ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana ba shi, ya shige, kai ka fita. Daga nan sai ya bi abokan cinikinka da danginka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, shina cewa ka shiga matsala a taimaka. A nan abin da ka rasa ya wuce kuɗɗi, don sunan da ka shekara goma kana ginawa ne ake yawo da shi.

Na huɗu ya fi shafar masu zane da masu ɗaukar hoto. Za a ce ana son sayen hoton aikinka a matsayin NFT, wato wata shaidar mallaka da ake saidawa a intanet, da kuɗɗi masu ban tsoro. Sai a tura ka wani shafi da su sunka gina, a ce ka fara biyan kuɗɗin ɗorawa da kuɗɗin kirifto. Shafin zai nuna maka miliyoyi sun shigo, amma fitar da su sai ka ƙara biya. Lambobi ne kawai a fuskar waya.

In kun duba, duka huɗun da na shek uwarsu ɗaya: kai ne mai saidawa, amma an juya magana har ta zama kai ne za ka fara fitar da wani abu, ko kuɗɗi, ko kaya, ko lambar sirri.

Ba rashin ilimi ke jawo shi ba

Ina son in cire wani abu daga zukatanmu, wato ganin cewa sai baƙauye ko wanda bai yi lakwal ba ake damfara. Wannan tunanin shi ke sa wanda abin ya faɗa wa ya yi shiru don kunya, shirunsa kuma shi ke ba ɓarawo damar kama na gaba.

Dabarar ta girmi intanet. A Faransa, Vidocq, wanda ya shugabanci ƴan sandan ciki na Paris, ya bayyana a littafinsa na 1836 yadda fursunoni ke aika wa masu hali wasiƙu, suna cewa sun ɓoye dukiya a wani wuri, a turo musu ɗan guzuri a raba tare. A Najeriya lambar nan 419 da kowa ya sani, lambar sashe ce a kundin dokar manyan laifuka, sashen da ke hukunta karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Tsakanin 1995 da 1998, Emmanuel Nwude da abokansa sun karɓe dala miliyan 242 daga Banco Noroeste na ƙasar Barazil, da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja wadda babu ita. Wanda sunka yaudara babban jami'in banki ne. Hukumar EFCC ce ta gurfanar da su, kotu a Legas ta ɗaure Nwude a 2005. Haka wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya riƙa aika wa Google da Facebook takardun neman biya na jabu ta imel tsakanin 2013 da 2015, da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi, har ya karɓi sama da dala miliyan 100 kafin a kama shi, anka yanke mishi shekara 5 a 2019. To in masu gina intanet ɗin da kansu an shigo musu ta imel, mi zai sa baduku ya ji kunyar faɗin abin da ya same shi?

Girman abin kuma ya kai a tsaya a duba. Cibiyar karɓar ƙorafin laifukan intanet ta hukumar FBI ta lissafa hasarar dala miliyar 12.5 a 2023, a 2024 kuma ta haura miliyar 16. A nahiyarmu, samamen da Interpol da Afripol sunka yi a ƙasashe 19 cikin Satumba da Oktoban 2024, wanda sunka kira Serengeti, ya kai ga kama mutum 1,006. Waɗanga duka abin da anka kai ƙara ne kawai. Mai tabarmar da anka cinye wa jikka talatin ta haɗiye baƙin cikinta, ba ta cikin lissafin kowa.

Abin da ɗan damfara ke amfani da shi halin ɗan Adam ne. Shina shigowa ta yabo, don duk mai sana'a shina son a ce aikinsa ya yi. Shina shigowa ta buƙata, don ya san kasuwa ta yi sanyi. Sannan ya ɗaure da gaggawa, don kada ka samu sukunin shawara da kowa. Mu kuma an tarbiyyantar da mu da kunyar baƙo da kyautata zato, ga shi mutum ya nuna ya yarda da kai har ya turo fiye da kima, sai ka ji nauyin ka tuhume shi. Wannan nauyin shi yake jira.

Dokokin rumfa

Ga abin da nake roƙon kowane mai sana'a ya mayar dokar rumfarsa, ya koya wa yaransa kamar yadda yake koya musu riƙon basilla.

Ɗaya. Kaya ba su fita sai kuɗɗi sun shiga hannu. Shiga hannu kuwa shi ne ka buɗe asusunka da kanka ka ga adadin ya ƙaru, ko ka je ofishin kamfanin a ƙirga maka. Saƙo da hoton resi da imel ba shaida ba ne.

Biyu. Mai saidawa ba ya tura wa mai saye kuɗɗi, ko da wane suna anka kira su. In wani ya ce ya biya fiye da kima, amsarka guda ce: a soke wancan biyan ta hanyar da ya zo, a sake turo daidai. Mai gaskiya zai yarda. Maƙaryaci zai fara faɗa ko roƙo, ko ya ɓace.

Uku. Kai ke zaɓen mai ɗaukar kaya. Nan gida muna da direbobin tasha da munka sani. In waje ne, akwai gidan waya da kamfanonin jigila masu ofis da za ka shiga da ƙafarka. Ka tambayo kuɗɗin aikawa, ka haɗa cikin farashi, mai saye ya biya duka.

Huɗu. Aikin oda sai da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi fata da zare da rini. Wannan al'adarmu ce tun fil azal, kada waya ta sa mu bar ta.

Biyar. Yi wa mai saye tambayar da sai mai so na gaske zai iya amsawa. Wace jaka daga ciki? Wane launi? Ƙafa lamba nawa? A ina ka ga aikina? Ka nemi ku yi magana ta bidiyo. Ka duba lambar da ya kira da ita: 227 tamu ce, 234 Najeriya, 229 Benin, 225 Kodebuwa, 33 Faransa. Wanda ya ce shina Paris amma wakilinsa na karɓar kuɗɗi a wata ƙasa dabam, ka san akwai lauje cikin naɗi. Sai dai lamba ma ana iya aronta, don haka dacewarta ba ta wanke mutum.

Shida. Lambar sirri sirri ce. Babu kamfanin waya ko banki ko mai saye da ke da haƙƙin tambayarka ita. Yau kafin ka kwanta, shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Kada kuma ka latsa adireshin da baƙo ya turo, kada ka aika hoton katin ɗan ƙasarka ga wanda ba ka sani ba, don da shi za a je a damfari wani da sunanka.

Bakwai. Duk cinikin da anka ce sai yau, bar shi ya kwana. Sauri ya haifi nawa. Nuna wa mutum biyu saƙon, ɗaya wanda ya iya harshen da anka rubuto, ɗaya dattijo wanda ya daɗe a kasuwa. Na farko zai gane rubutun, na biyu zai gane halin.

Kada wani ya fahimce ni a karkace ya rufe wayarsa ya ce ya bar cinikin nesa. Masu saye na gaske suna nan, kuma waɗanga dokoki ba su korar su. Mai saye na gaske shi ma tsoron yake ji, kuma in ya ga kana da tsari, hankalinsa ya fi kwanciya.

In abin ya riga ya faru

Ɗan'uwa, in ka riga ka tura, kada ka tsaya zargin kanka, lokaci ne ke gudu. Garzaya ofishin kamfanin da ka tura ta hannunsa da resinka, don in ba a karɓa ba tukuna ana iya tsayar da kuɗɗin. Kada ka goge komai: saƙonni, lambobi, hotuna, muryoyi, duka shaida ne. Kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Ƙasarmu tana da doka a kan wanga laifi, doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet, Najeriya ma tana da tata tun 2015. Ba zan yi muku alƙawarin kuɗɗi za su dawo ba, don sau da yawa ba su dawowa. Amma ƙararka na iya zama wadda za ta haɗu da ta wasu a gane lambar. In WhatsApp ɗinka anka sace, sanar da mutanenka ta kira da baki tun kafin a fara roƙonsu da sunanka.

Sannan ka yi hattara da mai zuwa daga baya shina cewa shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai ƙwato maka kuɗɗinka in ka ba shi wani abu. Sau da yawa su ɗin ne dai sunka sake riga.

Ɗaya gefen maganar

Akwai abin da ba zan sauka ban faɗa ba, ko da zai yi ɗaci. Ɗan damfarar da ke nesa ba ya iya aiki sai da hannu a kusa. Shina buƙatar asusun da kuɗɗi za su sauka, da layin waya mai rajista da sunan wani, da yaron da zai je ya karɓo. Garin iyaka irin namu, inda ake juya naira ta koma sefa cikin minti biyar, wuri ne da irin waɗanga mutane ke so. Saboda haka in wani ya ce maka ara mini asusunka kuɗɗi za su shigo, ka cire ka ba ni, ga naka kaso, ka sani an ɗauke ka aikin ɗaukar kayan sata ne. Ranar da bincike ya taso, sunanka ne a takarda, shi ba a ma san fuskarsa ba. Malamanmu na zaune nan, sun sha gaya mana matsayin cin dukiyar mutane ta hanyar zamba da matsayin mai taimakawa a kai, ba sai na ƙara ba.

Masu ganin ƴan damfara a waya da motoci da agoguna suna sha'awa, su tuna da Ramon Abbas, wanda anka fi sani da Hushpuppi. A da miliyoyin mutane sun riƙa kallonsa a Instagram. An kama shi a Dubai a Yunin 2020, kotun Amurka ta yanke mishi sama da shekara 11 a Nuwamban 2022. Ɓarnar irinsu kuma a kanmu take sauka. Duk lokacin da anka damfari wani a waje daga yankinmu, baduku mai gaskiya ne ke biya, don gobe in ya ce a turo kafin alƙalami, sai a tuna da wancan a ƙi.

Abin da ƙungiya za ta iya

Ƙungiyarmu ba banki ba ce, ba kuma hukuma ba ce, amma tana iya zama fatoman da waya ta kawar. Ina ba shugabanni shawara uku, ba wadda ke cin kuɗɗi.

A ware matasa uku ko huɗu masu jin Faransanci da Ingilishi, mace aƙalla guda a cikinsu don iyayenmu mata da ƴan'uwanmu da ke sana'a cikin gida su samu wadda za su nuna wa saƙo ba tare da nauyi ba. Duk wanda baƙon ciniki ya rubuto wa, ya kawo a duba kafin ya amsa.

A buɗe littafi guda a ofishin ƙungiya, a riƙa rubuta lambobi da sunaye da salon saƙonnin da anka gane na damfara ne, ba tare da sunan wanda abin ya shafa ba. A riƙa karanta sababbin a taron wata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya kamace ka da naka.

Na ƙarshe, mu hana dariya. Wanda ya zo ya ce an cuce ni, a ce mishi sannu, a raka shi wurin hukuma. Ranar da munka mayar da shi abin ba'a a majalisa, mun rufe bakin mutum goma da ke bayansa.

Ƴan'uwa, fata guda kafin ta zama jaka ta sha jiƙo da kirci da rini da ɗinki, kwana da kwanaki. Hula guda wata yarinya ta yi makonni tana zuba mata ido da allura. Wanga gumi bai cancanci ya tafi a saƙo guda ba. Ku ci gaba da ɗaukar hoton aikinku kuna nuna wa duniya, ku amsa wa kowa da fara'a, amma kaya su zauna a rumfa har kuɗɗi su zo.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cuta da cutarwa, Ya ja zamanin wagga ƙungiya.